Malam Hamisu, Wanda Ya Tambayi Ruta Kafin Ya Yanke Hukunci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 12 ga Oktoba 2010, na biyo ta ƙofar shagonka, Malam Hamisu, na tarar da kwaɗo a rataye, ga babur ɗinka jingine da bango. Ban taɓa ganin shagon a kulle babur na wurin ba. Da na sha kwanar gidanku na hango tabarmi, ban tambayi kowa ba. Zazzaɓin da muka raina, shi ne ajali.

Ni Lawwali ne, gardi, wato mai gadi, a cibiyar ciyar da yara masu tamowa a nan Matameye. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ka yi mini ya fi ƙarfin shiru.

Kowa ya san bazarar bana. Daminar bara ba ta ba da komai ba, rumbuna wayam, soja sun karɓi mulki, yayyena sun tafi cirani Kano. Aikin gadin nan kaɗai ke riƙe da gidanmu. Ana cikin haka rezon ofis, wato intanet, ya fara ɗaukewa kullum da azahar, lokacin da ma'aikata ke fita hutu, ni kaɗai a bakin ƙofa. Shef, shugaban cibiyar, ya ce ni ke zare ruta, akwatin da ke rarraba rezo, ina cajin wayoyin mutane a gurbinta. Na rantse, ya ce in ajiye makullai ƙarshen mako.

Sai aka kira ka, kai da ke gyara mana na'urorin ofis. Ka jona ordinatarka, wato kwamfuta, ka ce wa shef: "Shef, kafin a kori mutum, a tambayi mai abin. Ruta tana rubuta duk abin da ya same ta, kuma ba ta da ɗan'uwa a garin nan."

Ka jawo mini kujera, ni da ake tuhuma, kana bin layukan da yatsa. Ka nuna mini cewa in an zare ta daga kuran, wato wutar lantarki, rubutun yankewa yake yi kwatsam. Wannan kuwa sai ta yi ta kukan zafi, layi bayan layi, sannan ta kashe kanta. Ka rage murya ka ce: "Lawwali, kai ke nan da azahar. Me idonka ke gani?"

Nan na tuna. Baba Indo mai shara, da zarar an fita, sai ta ɗauko wani ƙyalle mai ado, na kayan ɗakinta, ta lulluɓe rutar yadda ake rufe kwanon maigida. Kafin a dawo ta yaye shi. Tana ganin abu mai tsada bai kamata a bar shi tsirara ba. Na faɗa maka, ina tsoron kada tsirata ta zama korarta.

Ga shef, gaskiya ka faɗa, iyakarta: zafi ne, ba hannun gardi ba. Ka kafa katako a sama kusa da taga, ka ɗora rutar. Sannan ka samu Baba Indo a bayan ofis, ka durƙusa ka gaishe ta.

"Baba, 'yar nan taki ba ta son zane da bazara."

Ta riƙe haɓa. "Yau ga 'yar nema! Ni da nake mata sutura?"

"Ki bar mini ƙyallen, ordinatata ce ke jin kunya."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ba ka. Washegari shef ya gaishe ni da sunana, maganar makullai ba ta sake tashi ba. Da albashin nan muka ci har hatsi ya nuna. Baba Indo ce ta ce in rubuta sunanta, kada in ɓoye.

Allah Ya jiƙanka, Malam Hamisu. Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa Aljanna makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Baiwa, da maiɗakinka Salamatu da yara. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

In wani ya ce so ne ya sa na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Baba Indo tana nan, Fati mai auna yara tana nan, shi ma shef yana nan, kuma da shi muka ɗauki makara.