Man Kifina da Kaushin Yaya

Shekarar da muka koma Karmo aka auna jinina, aka ce kitse ya yi yawa a ciki. Ni da sai na naɗa zani sau biyu kafin ya zauna a ƙuguna! Likitar ta ce wannan kitsen ba ruwansa da ƙiba. Ta raba ni da soye-soye da lemon kwalba, ta rubuta mini man kifi, wasu ƙwayoyi masu kalar zuma, in riƙa haɗiya da abinci. A hankali, in ji ta, man da ke cikinsu yake taruwa a jini yana rage wancan, don haka mai sha yau ya bari gobe wahalar banza yake yi.

Ban yi musu ba, na san abin da nake gudu. Mahaifiyata tana cikin tuƙa tuwo ta faɗi, ba ta ƙara furta kalma ba har ta koma ga Allah, ina yarinya. Ni ma ga 'yata ko firamare ba ta shiga ba. Mutuwa ta Allah ce, amma ban ga dalilin shimfiɗa mata tabarma ba.

Ana haka Yaya ta kawo mana ziyara daga Tungan Maje. Yayar mijina ce, kuma a danginsu ba a tsallake maganarta. Ta ga ina haɗiyar ƙwaya, ta tambaya, na yi mata bayani.

“An ce mai ya yi miki yawa a jini, shi ne kika zauna kina shan mai? Wane irin dokta ne wannan, fisabilillahi? Business kawai suke yi da ku!”

Ta jiƙa mini tafarnuwa da tsamiya ta tafi. Da na zo cin abinci, robar maganin ta ce ɗauke ni inda kika ajiye. Mijina ya sosa ƙeya ya ce in yi haƙuri, yayarsa ce, zai sayo wata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya sayo wata, ta zo ta ɗauke, mu yi ta yi kenan? Washegari na hau motar Zuba, na nufi Tungan Maje.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafa, allura a hannu. Huda ƙwayoyina take yi ɗaya bayan ɗaya tana shafe kaushinta, ƙudaje sun yi mata rumfa. Ko kunya ba ta ji ba. Wai kada a yi asara, mai dai ai na shafawa ne.

Na durƙusa na gaishe ta tsaf, na tambayi yara da maƙwabta, ban rage komai ba. Ta kawo mini ruwa da ɗumame, tunda baƙo ba a hana shi. Na ci loma, na miƙa hannu na ɗauki robata, na haɗiye ƙwaya a kan idonta.

“Yaya, ki gafarce ni, jinin nan a jikina yake. Na taɓa zama marainiya, na san ɗanɗanonsa. 'Yata ba za ta ɗanɗana ba don ina jin nauyinki.”

Ta ce ba ni da kunya. Na yi mata sallama, na saka robar a jaka. Mun daɗe ba ta amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa gaishe ta ba, ban fasa sha ba, duk da gyatsar ƙarnin kifi da ke sa mijina kau da kai.

Da aka sake awo, kitsen ya sauka, ko da yake bai kai inda ake so ba. Akwai kuma wani nau'in kitsen da ko gezau bai yi ba, shi maganinsa daban. Na aika wa Yaya labari, ta ce tafarnuwarta ce ta yi aiki. Na bar mata, ba lada nake nema ba.

Bara na zarce shekarun da mahaifiyata ta yi a duniya. Na hana kowa taɓa muciya, na tuƙa tuwon da kaina. 'Yata tana tsugune a gefe tana zuba mini surutun makaranta, ina amsa mata.