Hita a Motar Mai Zuma

Satibaldi mutum ne da ƙafarsa ba ta san zama ba. Tun yana saurayi ya sayi wata tsohuwar bas, ya cire kujerun, ya kafe akwatunan ƙudan zuma a jikinta ta baya, ya kafa gado a gaba, shi ke nan gida ya samu. Duk inda fure ya buɗe a tsaunukan Toktogul, can za ka tarar da shi da matarsa Burul, tana mita yana tuƙi. 'Ya'yansu sun gina musu ɗaki a gari, ya leƙa sau ɗaya ya ce ɗakin da ba shi da taya ai kurkuku ne. Taurin kai dai an ba shi kamar ya roƙa.

Da hunturu sai ya ajiye bas a bayan gidan ƙanensa, su duƙunƙune cikin barguna. Ba ya yarda a ɗumama motar, domin sanyi ne ke sa ƙudan su kwanta lamo. In suka ji ɗumi sai su ɗauka lokacin fure ya yi, su fita nema, su mutu a ƙanƙara.

Bana tari ya kama Burul, irin mai tono ƙirji. Ƙanen ya jawo wayar wuta ta taga, ya dire musu hita, na'urar ɗumama ɗaki.

"Yaya, ko ka kunna, ko ka bar ta ta dawo wajenmu."

"In je ina?" in ji Burul. "In bar tsohon nan ya daskare shi kaɗai, a ce ni na kashe shi?"

Satibaldi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya kunna, ya kashe, ya rataya bargo tsakanin gado da akwatuna, ya fita ya zaga motar, ya dawo. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don bai taɓa jin numfashinta haka ba. Da hantsi ya kunna, bai sake kashewa ba.

Bayan 'yan kwanaki tarin ya lafa, akwatunan kuwa suka fara guna-guni. Burul ta ɗaga kai.

"Tsoho, sun tashi fa. Kashe abin nan."

"Kunnenki ne, tsohuwa. Sha shayinki kada ya huce."

Ya fita ya ja ƙofa. Dusar ƙanƙarar da ke gindin motar ta yi ɗige-ɗige baƙi da gawarwakin ƙudan zuma. Ya ɗauki shebur yana rufe su da sauri, kafin ta leƙo ta taga.