Hular da Umma ta auna da ido

Da muka fara fim ɗin gaskiya a kan matan da ke ɗinkin hula a cikin gidajen Soron Ɗinki, da mahaifiyata na so a buɗe shi. Tun kafin a haife ni allura ke hannunta, kuma duk unguwar an san aikinta.

Ni ne ɗanta na fari. A gidanmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani, amma tun ina ƙarami abin yake ci mini rai. A ɗakin kakata na tashi. Idan Umma za ta aike ni, sai dai ta ce, "A gaya wa wancan ya zo."

Abokiyar aikina, wata malama mai haƙuri, ta ce in bar mata tambayoyin, ni in jira a zaure. Umma ma ta aiko ƙanwata da saƙon haka. Na ƙi. Na ce fim nawa, uwa tawa, yau dai sai ta yi magana da ni. Taurin kai ne kawai, amma a lokacin na ɗauka jarumta ce.

Muka kafa kyamara a tsakar gida da hantsi. Ta zauna a tabarma da hula a hannu.

"Umma, wa ya koya miki ɗinki?"

"Mutanen da."

"Yaya kike zaɓar zare?"

"Haka dai."

Minti goma sha ɗaya muka yi a haka, kanta a sunkuye, allura na shiga tana fita. Raina ya ɓaci, na ce a kashe. Wajen tace fim na cire ta gaba ɗaya, na sa maƙwabciyarmu mai surutu a gurbinta. Da aka kunna fim ɗin a gida, Umma ta kalla har ƙarshe, ta ce an yi ƙoƙari.

Bayan rasuwarta ƙanwata ta gaya mini cewa kwana uku Umma ta yi tana shiri. Ta fito da tsofaffin zanen hulunanta daga adaka, ta tanadi labaran da za ta ba malamar, har da na zanen da ta ƙirƙiro tana goyona. Da ta ga ni ne a gabanta, sai bakinta ya mutu. Sannan ƙanwata ta miƙo mini hular da take ɗinkawa ranar. Ta ce, "Yaya, taka ce. Ta gama, ta rasa yadda za ta ba ka."

Na sa, ta zauna mini daidai, alhali Umma ba ta taɓa auna kaina ba.

Na nemo hoton bidiyon hirarmu da na yar, na kunna. Wajen minti na bakwai, lokacin da na sunkuya ina gyara wayar kyamara, ta ɗago sau ɗaya. Saman kaina ta duba, ta buɗe yatsunta a bakin hular, ta mai da kai ƙasa. Na yi kuka kamar yaro. Labaran nan sun tafi da ita, kuma ni na hana ta faɗa, don na ƙi zama a zaure.