Ganye Biyu a Ƙofar Makarantar Malama Leisale

Ranar da aka binne maigidana Kaltonga, aka miƙo min gicciyen katako da fenti, wai in rubuta sunansa. Ni kuwa karatuna a aji uku ya tsaya. Malama Leisale ba ta karɓe burushin ba. Sai ta tsugunna a bayana, ta ɗora hannunta a kan nawa, muka ja haruffan tare. Da muka gama ta miƙe ta ce wa jama'a, "Ku zo ku ga rubutun Gwaggo."

A nan tsibirinmu na Nguna aka haife ta, 'yar masunci ce. Ta je birni ta koyi malanta, ta dawo. Shekara tara tana koyarwa da takardar aiki ta shekara-shekara, sai takardar ta daina zuwa, albashi ma ya bi ta. Duk jirgin ruwan da ya tsaya sai ta ba da wasiƙa, amsar ofishin ilimi ɗaya ce: ana dubawa. Abokan aikinta biyu suka gaji, suka tafi tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya. Aka bar ta ita kaɗai da azuzuwa shida a ginin da guguwa ta yaye rabin rufinsa. Alli kuwa, har guntun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba tana tarawa a gwangwani. Mu mata muna kai mata gwaza da kifi bi da bi.

A shekara ta biyu ba albashi, mai gari Maritelu, wanda kawunta ne, ya fusata. Ya yanko ganye biyu na bishiyar da muke kira namele ya gicciya a ƙofar makaranta, ya ce ba za a buɗe ba sai takardar 'yarsa ta zo. Inda aka sa namele ba mai shiga, ba kuma mai cirewa sai wanda ya sa. Gari ya yi murna, har da ni.

Saura mako shida jarrabawar 'yan aji shida. Yara goma sha huɗu ne, wanda bai zauna ba kuma ba shi ba sakandare. Littattafansu duk suna cikin makarantar. Kwana uku ina ganin Malama Leisale daga gonata, tana zuwa ta tsaya nesa da ganyen, ta juya.

A rana ta huɗu da hantsi, sai ga ta a dandalin mai gari da tabarma a kafaɗa, saiwar kava da dattawa ke jiƙawa su sha a hannu, tana janye da aladenta. Shi kaɗai ta mallaka, shekara bakwai tana kiwonsa har haurensa ya lanƙwasa. Irin kayan da mai babban laifi yake kawowa ke nan.

Maritelu ya dube ta, ya dubi aladen. "Wa kika kashe, 'yata?"

"Ba kowa, Kawu. Roƙo na zo yi. A cire ganyen."

"Don ke fa na sa shi! Ke za ki biya ni alade don in bar ki ki yi aikin banza? Uwarki ma da taurin kanta ba ta kai nan ba."

"Ai a wurinku ta gado."

Dattawa suka fashe da dariya, shi bai yi ba.

"Mutanen ofis ba su san an rufe ba, Kawu," in ji ta. "'Ya'yansu suna aji yanzu haka. Jikarka Leitangi da ke aji shida ce ta sani."

Ni dai ban taɓa ganin wanda aka zalunta ya zo da kayan ban haƙuri ba. Can Maritelu ya miƙe ya karɓi kayan, don ganye ba ya sauka haka kawai. Muka bi shi har makaranta. Ya cire ganyen da hannunsa, ya miƙa mata, ya ce, "Riƙe. Na ga ke ce mai garin."

Aladen kuwa, shi ya yanka wa yaran ranar da suka gama jarrabawa, duk su goma sha huɗun.

Amma tun ranar da aka buɗe ƙofar, da yamma, ta biyo gidana da ganyen naɗe a zani. Na ce mata na ɗauka ta yafe wa gwamnati.

"Yafe? Haba, Gwaggo! Haƙƙina ne, kuma sai na karɓa." Ta ɗora min ƙunshin a cinya. "Ki ajiye min inda kike ajiye Littafi Mai Tsarki, kada ɓera ya taɓa. Ranar da yaran nan suka ajiye alƙalami, ki raka ni mu mayar wa Kawu ya sake gicciyawa."