Malam Barau Tela, Wanda Dutse Ta Ƙi Kiran Sunansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 11 ga Satumba, 2003, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Barau tela a gidansa da ke Yalwawa, cikin Dutse, bayan jinyar da ya sha tun farkon damina. Da gangan na rubuta sunansa, domin wanda ya kawo mini labarin bai kira shi ba. Cewa ya yi, "Hassana, kin ji Iya Talatu ta mutu?" Har da ɗan murmushinsa.

Malam, yau da kai zan yi magana, tun da masu rai sun daɗe da toshe kunnuwansu.

Yaran yanzu ba su san yadda Iya Talatu ta samo asali ba. Lokacin da aka ba mu jiha, Alhaji Yahuza ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ana zagaya kasuwanni da mota mai lasifika ana wayar da kan mutane a kan rigakafi da awon ciki. Wasa ba ya yiwuwa ba mace, kuma a lokacin babu uban da zai bar 'yarsa ta hau dandamali. Mazan ƙungiya kowa ya noƙe. Kai aka lallaɓa, aka ce don Allah da Annabi, na wata uku ne kawai kafin a samu mace. Ka aske gemunka, ka ɗaura zane, ka yafa gyale, Alhaji Yahuza ya fito a matsayin mijinka mai taurin kai. Wata ukun nan ne ya cinye sauran rayuwarka.

Kuma ka iya, wannan ne laifinka. Shekarun da ka yi a kan keken ɗinki kana sauraron mata suna faɗa da kai a kan wuyan riga ba su tafi a banza ba. A kasuwar Garki wata tsohuwa ta biyo ka bayan mota, ta danƙa maka ƙullin daddawa, ta ce, "Yarinya, ki rabu da mutumin nan, ba zai gyaru ba." Ka durƙusa ka yi mata godiya da muryar Iya, don kada ka kunyata ta. A ƙauyukan Kafin Hausa akwai samari yau da suke raye saboda uwayensu sun ga Iya Talatu tana haɗa ruwan gishiri da sukari. Ba likita suka yarda da shi ba, da ita suka yarda.

Ni na shigo ƙungiya ina bazawara, kuma kai ka je da ƙafarka ka roƙi mahaifina. Ranar gwajina na farko ka tsayar da ni, ka ce, "Hassana, ba haka mai tsohon ciki take tashi daga tabarma ba." Na ce, "Malam, haihuwata biyu fa." Ka ce, "Ke yi kika yi, ni kallo na yi." Ka zauna, ka dafa ƙasa, ka tashi da nishi, wallahi sai da na ji bayana ya amsa. Duk abin da nake koya wa ɗalibai yau a kan wasan kwaikwayo, a wurinka na tsince shi.

Da na ƙware ka yi murna, ka naɗe zanen ka ba ni, ka ce ka huta. Ashe gari bai sallame ka ba. Da aka shiga yayin fim na kaset, ka roƙi a ba ka fitowar namiji ko sau ɗaya, aka ba ka alƙali. Ranar da aka nuna, kana bayyana da rawani ɗakin ya fashe da dariya, wani ya ɗaga murya ya ce, "Iya ta yi rawani!" Ba a ji ko kalma ɗaya daga hukuncin da ka yanke ba. Washegari Alhaji Yahuza ya sa aka yanke wurin. Ka yi shekaru kana sa mutane su yarda kai mace ce, sai ga shi ka kasa sa su yarda da abin da Allah ya halicce ka.

Sai shari'a ta zo. Ni Musulma ce, na yi murna da ita, kai ma ka yi. Ba da ita nake ba, da mutane nake. Alhaji Yahuza ya samu kujera a wani kwamitin gyaran tarbiyya na unguwa, ya tsaya a bainar jama'a da tsohon kaset ɗinmu a hannu, yana cewa ga irin ɓarnar da aka zo kawarwa, namiji cikin tufar mata. Bai gaya musu wane ne mijin da ke cikin kaset ɗin ba, su ma ba su tambaya ba, alhali duk sun kalla. Daga ranar aka liƙa maka sunan ɗan daudu. Maza suka kwashe yadukansu daga shagonka, suka hana matansu kawo nasu. Ka tsayar da gemu, ka riƙa sammakon sahun farko, yara suka riƙa bin ka suna cewa Iya ta yi gemu, iyayensu na zaune a dakali suna ƙunshe dariya.

Masu ilmi ma sun ci rabonsu. Ɗalibai sun zo daga wata jami'a, suka ari kaset a wurina, suka rubuta kundi a kan namijin da ya saje da mata, da manyan kalmomi. Na ce musu gidanka ga shi can, ba nisa. Suka ce ba sai sun gan ka ba, kaset ya wadatar.

Abu ɗaya ka riƙe, kada sunan nan ya hana 'yarka Zakiyya aure. Manema biyu sun janye. Na uku, Uwaisu, danginsa suka aiko cewa sun amince, amma da sharaɗin kada a ga ƙeyarka a masallaci ranar ɗaurin aure, don suna da baƙi. Ka amsa nan take. Kai ka ɗinka wa ango babbar rigarsa, ka yi mata aikin da ban taɓa ganin ka yi wa kowa ba. Ranar na same ka a zaure kai kaɗai, ka ce, "Ba komai, Hassana. Ai iyaye mata ma ba sa zuwa ɗaurin aure." Ka yi dariya. Ni ban yi ba, har yau kuma in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Na ɗauka mutuwa za ta sa a ƙyale ka. A ƙofar gida aka yi maka salla, mu mata muna tsakar gida, katanga kaɗai ta raba mu. Ladan ya sanar kamar yadda aka saba, don masu salla su san niyyar da za su yi, ya ce, "Namiji ne." Sai wata murya daga cikin sahu ta ce, "An duba?" Dariya ta bi sahun, ƙasa-ƙasa, har liman ya yi kabbara a kanta. Zakiyya tana jingine da ni. Na ji jikinta ya sandare, domin ta riga ni gane muryar. Uwaisu ne.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Barau. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa raɗaɗin da ya haɗiye ya zama kaffara, ka saka masa da kowane yaron da ya tashi ta dalilinsa. Waɗanda suka yi dariya kuwa ban iya roƙa musu komai ba tukuna, Allah ya san su sahu-sahu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Yaya Madina, wadda ba ta taɓa sunkuyar da kai don shi ba, da 'yan'uwansa, da matan ƙauyukan da suka zo gaisuwa a ƙasa. Sai ke, Zakiyya. Jiya bayan addu'ar bakwai na ga mijinki ya zo ɗaukarki a babur. Na riƙe hannunki, kika ce, "Anti, sake ni. Baba ya sha wuya kafin a ɗaura auren nan." Kika hau bayansa kuka tafi. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata, ya fi wanda ya bai wa mahaifinki, domin za ki buƙace shi.