Tsohon da Bai Zo Kallon Tsuntsaye Ba

Cikin duk fitar da na yi da baƙi bisa ruwan Goronyo, akwai rana guda da har yau ba ta fita raina ba. Ku sababbin matuƙa kuna ta tambayata, ni kuwa na gaji da maimaitawa a bakin ruwa. Ga shi nan a rubuce, mai so ya karanta.

Don wanda bai san aikin ba: asalinmu masu ƙetarar da mutane ne da buhunan albasa. Daga baya mutane sunka fara zuwa daga Sakkwato da Wurno ranakun hutu, suna son a zagaya da su su ga madatsa su ga tsuntsaye. Sai ƙungiyarmu ta ware jirage masu inji don wannan. Muna da Ciyaman, shi ke raba fita, bisa gare shi kuma akwai Sarkin Ruwa. Doka ba ta da yawa. Kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa. Hanya guda ce: ka bi gefen bangon madatsa, baƙi su hangi ƙofofin ruwa daga nesa, ka karkata zuwa tsibirin da tsuntsaye ke taruwa, ka kashe inji ka ƙarasa da gora don kada su tashi, ka komo kafin azahar. Ba a wuce tsibiri, balle da bazara. Bayansa laka ce da ciyawar kacalla da kututturan itatuwan da ruwa ya ci, masu karya farfela.

Ranar wata Asabar ce cikin tsakiyar bazara, shekarar da ruwa ya ja baya ƙwarai. Ciyaman ya ba ni mutum uku. Alhaji Bello, ma'aikaci ne a Sakkwato, mai jiki, da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ɗiyarsa Hauwa'u, tana jami'a, da na'urar hoto rataye a wuya. Sai mahaifinsa, Baba Alu, tsoho tukuf, idonsa ya yi fari-fari, sai da munka ɗauke shi munka sa cikin jirgi. Da na ɗaura masa rigar ruwa ya ce, "Wagga riga ta amaryata ce ko tawa?"

Hauwa'u ta ce, "Taka ce, angona. In ka nutse wa zai ba ni kuɗin cefane?"

"Ke dai kin ƙosa ki ci gado."

Munka tashi. Na yi aikina yadda na saba. Na nuna musu bango, na nuna ƙofofi, na kashe inji kusa da tsibiri. Tsuntsaye kuwa sun cika, kwasakwasa da jakar bakinsu, zalɓe tsaye da ƙafa guda, kirinjijiya suna ta fito kamar yara. Hauwa'u na ta ɗauka. Ta nuna mini cikin waya wasu tsuntsayen ƙasar ƙanƙara masu tsayuwa kamar mutane, baƙar riga bisa farar taguwa, ta ce ko muna da irinsu. Na ce, "Hajiya, wanga in ya zo Goronyo da bazara, kafin azahar ya gasu."

Kowa ya yi dariya ban da tsohon. Tun da munka taso bai dubi tsuntsu ko guda ba. Fuskarsa na gabas, bayan tsibiri. Da na kama gora zan juya jirgi ya ce, "Mamman, ina za ka?"

"Gida, Baba. Nan hanya ta ƙare."

"Taka ta ƙare. Tawa yanzu ta fara."

Alhaji Bello ya sunkuyar da kai. A nan na ji zancen. Ashe garinsu na cikin waɗanda anka tayar lokacin da anka gina madatsa, anka mai da su tudu. Uban tsohon da uwarsa da ɗansa na fari duk suna kwance can ƙarƙashin ruwa. Tun da anka tashi bai sake taka wurin ba, bai ma taɓa shiga jirgi ba. Ya ji labarin ruwa ya ja baya bana, ya tasa ɗansa gaba da magana. Shi kuma Alhaji ya ga in ya kawo shi ya sha iska ya ga ruwa, ya ga babu abin gani, zai haƙura.

Alhaji ya ce, "Baba, ka ji mai jirgi ya ce ba a wucewa. Ga rana, ga hawan jininka. Ka yi musu addu'a daga nan, Allah shina ji ko'ina."

"Na san Allah shina ji. Shekara nawa ina yi daga ɗaki? So nake in tsaya bisa kansu sau guda in yi musu sallama. Bello, dube ni. Kana ga akwai wata bazara gabana?"

Ni ba mai yawan tausayi ba ne, kun san ni. Amma mutum ya shiga jirgina da inda za shi, kuma ba na son in sauke mutum ba inda za shi ba. Na ce, "Baba, tambaya guda. Kai kana iya rana?"

"Manomi kake tambaya?"

"To in kana iya rana, ni ina iya laka. Alhaji, mi ka ce? Ubanka ne, ba nawa ba."

Ya dubi tsohon, sannan ya ce mu je. Na kira Ciyaman a waya na ce zan wuce tsibiri ta gabas. Ya ce, "Kada ka kuskura, Mamman." Na ce, "Ba izini na kira nema ba, Ciyaman. Na kira don ka san inda za a neme mu." Na kashe.

Na ɗaga inji sama na ɗaure, domin farfela ba ta da aiki a can. Da gora munka shiga. Ba mu yi nisa ba kacalla ta rufe mu, ta fi mutum tsawo, iska ta ɗauke, zafi ya sauko kamar an kifa mana tukunya. Hauwa'u ta cire mayafinta na sama ta yi wa kakanta inuwa, tana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Can jirgi ya zauna bisa laka, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na tuɓe riga na ɗaura igiya a ƙugu na sauka. Laka ta kai mini cinya. Na ja, jirgi ya matsa kaɗan, na ciro ƙafa, na sake ja. Kacalla tana yanka hannu kamar reza, matsattsaku suna hawa ƙafafuna, ban ko tsaya cire su ba.

Na kai inda ko na ja ba ya motsi. Ina tsaye ina haki sai na ji tsulum a bayana. Alhaji Bello ne, ya cire babbar riga da hula ya shigo laka, ya sa kafaɗa bayan jirgi.

Tsohon ya ce, "Wane ne wancan ya hwaɗa?"

Hauwa'u ta ce, "Ɗanka ne."

"Bello cikin laka? Ɗauke shi hoto, amarya. Wanga ya fi tsuntsayen."

Duk da haka ƙarfinmu ya kusa ƙarewa, gaba kuma ba a ganin komai sai ciyawa. Na ce, "Baba, ni ruwan na sani, nan kuwa ba ruwa ba ne. Ban san ta inda zan bi ba."

Ya ce, "Akwai wani tudu mai jan dutse gabas, mai tsage a ka kamar an sare shi?"

Na hau bakin jirgi na leƙa. Akwai shi, kullum muna ganinsa.

"Sa shi bisa kafaɗarka ta hagu ka yi gaba. Za ka hwaɗa burtali. Shanu sun cinye shi, ya yi zurfi, ko jaki ya shiga ba a ganin bayansa."

Burtali, don yaran birni, hanyar shanu ce tsakanin gonaki. Na yi yadda ya ce. Wallahi ba mu daɗe ba ƙasa ta sulale ƙarƙashina, ruwa ya kawo mini ƙirji, jirgi ya taso da kansa. Munka hau. Hanya ce siririya tsakiyar kacalla, tana lanƙwasa, gora na samun ƙasa mai tauri. Tsohon ido rufe shina cewa, nan gonar wane ce, nan za ta karkata dama. Kuma ta karkata.

Munka fito wani buɗaɗɗen ruwa, da kututturen wata babbar itaciya tsaye, tsuntsaye sun yi mata fari da kashi. Na ce alhamdu lillahi, mun iso. Ya sa na matsa, ya shafa kututturen ya ce, "Ba ita ba ce. Wagga ta bakin kasuwa ce. Mu ƙara gaba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Rana ta take tsaka, leɓen tsohon ya bushe, numfashinsa ya fara sama-sama. Alhaji ya ce, "Baba, ya isa hakanan." Tsohon ya riƙe bakin jirgi da hannu biyu. Na ce, "Alhaji, mun sha wuyar. Komawa yanzu da komawa an jima duk laka guda ce." Na dafa gora.

Gaba kaɗan na gane wurin. Lokacin da ruwa ke cike muna biyowa ta can da fasinja daga wancan gefe, kuma duk masunci ya san akwai wani rami nan da gora ba ta samun ƙasa. Ko'ina ƙasa, sai wuri guda kamar faɗin tabarma, ka soka gora ta tafi duka. Mutane na cewa gidan mutanen ruwa ne, ba a jefa taru kusa. Na fara kaucewa. Tsohon ya ji jirgi ya karkata ya ce, "Mi ya faru?" Na faɗa masa.

"Ba ni gorar."

Munka riƙe shi ni da ɗansa, ya soka gora gefen ramin. Ta bugi wani abu, ƙwas. Ya matsa ya sake, ƙwas. Ya bi shi a zagaye, dutse ne jere. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Mutanen ruwa! Rijiyarmu ce, Mamman. Ni da hannuna na sha shiga yasarta. In akwai aljani ciki, to ni na bar shi."

Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka. Munka ƙyale shi. Da ya natsu ya ce in juya hancin jirgi alƙibla, in wuce rijiya kamar jifar dutse, in tsaya. Na soka gora na riƙe jirgi. Babu komai wurin, ruwa ne kawai kwance, da wasu agwagin ruwa can gefe. Ya ce a tayar da shi tsaye. Ya yi musu sallama kamar mai shiga gida, ya kira ubansa da suna, ya kira uwarsa, ya kira ɗan nasa na fari. Ya ce, "Ga Bello, kun bar shi shina rarrafe. Ga ɗiyarsa." Ya yi addu'a mai tsawo muna amin. Hauwa'u ba ta ɗaga na'urarta ba ko sau guda.

Da ya shafa ya zauna ya ce, "To, mai jirgi, kai ni gida."

Burtalin munka biyo har ƙarshensa, ya fitar da mu ruwa mai zurfi ba tare da mun sake taɓa laka ba. Can munka haɗu da jirgin da Ciyaman ya turo nemanmu. La'asar ta yi kafin mu iso. Ciyaman ya jira baƙi su watse. Da sunka tafi ya ce, "Da tsohon nan ya mutu hannunka fa?" Na ce, "Da na kawo gawarsa na amsa." Ya hana ni jirgi har kasuwa ta zagayo. Ban yi gardama ba. Dokarsa daidai take, kuma duk wanda ya wuce tsibiri cikinku don ya burge 'yan mata, ni zan fara marinsa. Kafin damina ta sauka Alhaji Bello ya aiko mana cewa Baba Alu ya rasu.

Abin da na koya ke nan. Kafin ka ja igiyar inji, dubi wanda ya fi kowa shiru cikin jirginka, ka tambaye shi mi ya kawo shi. Ba kowa ke zuwa don kwasakwasa ba. Kuma ruwan da muke ci da shi ba fili ba ne, garuruwan mutane ne, da hanyoyinsu da rijiyoyinsu da iyayensu. Shi ya sa in ruwa ya cika kunka biyo ta wajen ramin nan, nake ce muku ku rage wuta ku yi sallama. Ba don aljani ba. Akwai mutane kwance.