Kayen da Baƙo Ya Yi a Yamai

Duk wanda ya saba hawa kabu-kabu daga tashar Ƙonni zuwa bakin iyaka ya san Baƙo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ƙaton nan da idan ya zauna kan babur sai ka tausaya wa babur ɗin. Ba ya ciniki, ba ya hira, kuma da abokan aikinsa sun taru kan wayar wani suna kallon wasa, sai ya tayar da mashin ya bar wurin ko babu fasinja.

Ɗan Badagishiri ne, ɗan Tanimun mai garkar albasa, wanda a zamaninsa ya kayar da maza a filayen kokowa daga Illela har Malbaza, amma takobin da ake ba zakaran kokowa na ƙasa bai taɓa shiga hannunsa ba. Wannan takobi shi ne ciwon ran Tanimun, kuma tun Baƙo bai iya ɗaure wando ba ya ɗora masa nauyin nemo shi. Ya koya masa kamu iri-iri, amma abin da ya fi nanatawa ɗaya ne: da bayan mutum ya taɓa ƙasa an gama. Ka sake shi, ka miƙe, ka ɗaga hannu, ka juya wajen makaɗa su ba ka haƙƙinka. Tanimun marowaci ne wajen yabo. Baƙo ya kayar da sa'o'insa, ya kayar da yayyensa, bai taɓa jin ko madalla daga bakin uban ba.

Wata kaka, wani soja mai suna Sumaila da aka turo aiki Illela ya ga kokowar Baƙo. Shi Sumaila ɗan wasan zari-ruga ne, wasan nan da ake rungume ƙwallo a ruga da ita, ƙarti na neman kayar da mai ita. Ya ce wa Baƙo a Yamai ana neman irinsa ruwa a jallo.

Da maganar ta je kunnen Tanimun, sai ya ajiye kwasar nomansa ya ce, "Ƙwallo? Ƙwallon ma mai kama da ƙwai? Ni ɗan kokowa nih haihwa. In ka tahi bin ƙwai da gudu, aje mani layuna."

Baƙo ya kwance ɗamarar layun da uban ya ba shi, ya ajiye, ya tafi. A ransa ya ƙudurta cewa wata rana zai dawo da kofi ya dangwarar gaban tsohon a madadin takobi, ko dutse ne sai ya ce madalla.

Ya sha wuya a Yamai. Da safe dako a kasuwa, da yamma fili. Gudu ya koya, jifa ya koya, kaye kuwa shi ya koya musu. Abu guda koci yake ta yi masa ihu a kai: a nan faɗuwar mutum ba ita ce ƙarshen magana ba, ƙwallo ake nema. Baƙo ya ji, ya kiyaye shekara da shekaru, har aka sa shi cikin tawagar ƙasa ranar da za a kara da wata maƙwabciyar ƙasa kan kofin da suke takara a kansa su biyu.

Wasa ya zo ƙarshe, namu na gaba da ɗan kaɗan. Sai ga wani jibgegen ɗan wasansu ya ɓallo da ƙwallo, babu kowa tsakaninsa da layi sai Baƙo. Baƙo ya shige ƙarƙashinsa, ya kama ƙugu, ya kai shi ƙasa da baya. Ƙwallo ta kuɓuce ta kwanta kusa da ƙafar Baƙo. Shuri ɗaya zuwa waje, da an tashi wasa. To, amma cikin 'yan kallo akwai mutanen Adar, yankin su Baƙo, da suka zo da ganga, kuma mai gangar ya saki kiɗan kokowa. Jikin Baƙo ya riga hankalinsa. Ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu, ya juya wa ƙwallo baya. Wani daga cikin abokan hamayya ya sure ta ya dangwala bayan layi, suka ci suka wuce namu, alƙali ya busa tashi.

Babu wanda ya zage shi, da ma sun zaga. Sumaila kaɗai, wanda shi ma yake cikin tawagar, ya dube shi ya ce, "Baƙo, me ka yi mana?" Ba a sake kiransa tawaga ba. Bidiyon ya bi wayoyi, a Yamai duk inda ya gifta sai wani ya ɗaga hannu biyu a fashe da dariya.

Ya koma Badagishiri yana jiran tsinuwa, sai ya tarar da makaɗa a ƙofar gidansu. Tanimun ya fito, ya ɗaura masa ɗamarar layu da hannunsa, ya ce gaban jama'a, "Wanga shi na kaye! Madalla, ɗana." Kalmar da Baƙo ya nema tun yana yaro ta zo masa a kan abin da ya kashe shi. Ya shiga ɗaki ya yi kuka, mutane suka ɗauka na murna ne.

Daga nan duk baƙon da ya zo sai Tanimun ya ciro waya ya nuna masa kayen, kuma daidai inda hannayen Baƙo suka tashi sama sai ya danne da babban yatsa, bidiyon ya tsaya. Kokowar ma ba ta karɓi Baƙo ba, shekaru sun ja, gwiwa ta lalace a Yamai. Abin ya yi ta cinsa, har wata rana a garka, suna ban-ruwa, ya ce, "Baba, wasan nan ba mu munka ci ba. Ni nib ba da kohin."

Tanimun bai ɗago daga kan albasa ba. Ya ce, "Kana tsammanin ban gani ba? Tun ranar hwarko na kalle shi hak ƙarshe. Takobi babu, kohi babu, kayen ga ɗai gare mu. Ka bar mani shi."

Bayan wannan ne Baƙo ya koma Ƙonni ya kama kabu-kabu. Yana zuwa gida ranar kasuwa, kuma in da baƙo, tsohon yakan kira shi ya zauna a kunna waya. Baƙo yakan zauna. Kowa na kallon hannayen da ke sama, shi kuwa idonsa na kan ƙwallon da ke kwance kusa da ƙafarsa.